Gwanjon kayan noma a waya da masu tayin da ba sa zuwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a ƙasar Daura suka fara rabuwa da injinan ban-ruwa masu shan fetur, suna komawa na sola. Ni ma na bi sahu. Na haɗa injinana biyu da wani injin casar masara, na sa su gwanjo a wani zauren manoma na WhatsApp, inda ake tura hoto da bidiyo, a yanka lokaci, wanda tayinsa ya fi ya ɗauka.

Injinan ruwa ba su ba ni wahala ba. Injin casar ne ya nuna mini halin mutane. Mutum biyu suka yi ta ƙari a kan juna har lokaci ya cika, wani da ya ce daga Funtuwa yake ya yi nasara, na ce na sallama. Daga nan sai "Alhaji, gobe in sha Allahu direba zai taso." Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata, ƙarshe waya a kashe. Da na koma wa na biyun, mutumin Mai'aduwa, ya ce ai tuni ya sayi wani. Kuma injin casa kayan lokaci ne, kaka na wucewa darajarsa ta faɗi sai baɗi.

A kasuwa, in ka taya kaya aka sallama maka ka zame, dillali ya san fuskarka, ya san garinku, mako mai zuwa ba ka da bakin taya ko akuya. A waya kuwa tayi ba ya cin mutum komai. Wasu yara ne ke wasa da wayar iyayensu. Wasu kuma da gangan suke tura farashi sama ba da niyyar saye ba, don kayan abokinsu irin naka su yi daraja. Najashi ke nan, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim.

Da na sake sa injin a gwanjo, wani saurayi ya zo har gida da a-kori-kura, ya miƙo mini wayarsa: "Baba, ga shi na tura, ka duba." Saƙo kam ya shigo wayata, amma da na buɗe manhajar banki asusu yana nan yadda yake. Ya ce matsalar sabis ce. Na ce to ga benci, ga ruwa, mu jira sabis ɗin tare. Da aka kira La'asar ya ce zai je masallaci. Direban da ya bari a ƙofar gida ni ya riƙe da rigimar kuɗin mota.

Yanzu ba na karɓar tayin kowa sai ya ajiye kafin alƙalami a hannun shugaban zaure. Na so in ce wanda ya janye ya yi asararsa, sai malaminmu ya ce a mazhabar Malikiyya ba a cinye irin wannan kuɗi idan ciniki ya warware. Saboda haka ana mayarwa, amma an riga an ga sunan da ke kan asusun mutum, kuma sai ya kawo wanda zai tsaya masa a cikin zauren. Nan ne masu wasa ke watsewa. Nakan kuma gaya wa mai tayi na biyu tun ranar da aka rufe cewa ya dakata mini kwana biyu.

Wani manomi daga Sandamu ne ya sayi injin daga baya, a ƙasa da tayin mutumin Funtuwa. Ya zo da makanikensa da buhun masara, suka tayar da injin, suka casa, ya duba bel da abin tankaɗen, ya rage mini kuɗin bel ɗaya da ya fara tsagewa. Sai da na ga kuɗi a asusu muka ɗora shi a mota.