Samanja, ko kuma Usman Baba Pategi

Ka tambayi mutanen zamaninmu waye Usman Baba Pategi, da yawa za su yi shiru suna lalube. Ka ce Samanja Mazan Fama, nan take fuska ta washe, wani ma har ya ƙame ya sara maka. Kakin wasan ya haɗiye mai shi, shekara da shekaru ba a kiran sa da sunan yanka.

Ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, an haife shi a Pategi ta jihar Kwara a 1942, a gidan sarauta. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya kuma shiga soja na gaske a shekarun 1960, shekarun da ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. Wannan ne ya bambanta shi da duk wanda na gani ya ari kaki ya tsaya gaban kyamara. Da shirin wasan kwaikwayonsa na Samanja ya fara fita a talabijin da rediyon Kaduna a farkon shekarun 1970, bai bukaci kowa ya koya masa yadda ake buga ƙafa ba.

Ni a talabijin mai baƙi da fari na san shi, a gidan maƙwabta, yara a ƙasa kan tabarma, manya a benci. Gashin bakin nan ne ke fara ba ni dariya tun bai buɗe baki ba. Ya zaro ido a kan kurtu, ya daka tsawa, jijiyar wuya ta miƙe. Hafsa na shigowa sai ka ga mutum ya sandare, ƙirji a gaba, murya ta koma ta ladabi. Ai dama matsayin samanja ke nan a bariki: yana tsakanin hafsoshi da kurata, ana sauke masa faɗa daga sama, shi kuma ya juye a kan na ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama ƙaramin shugaba a ofis ko a kasuwa ya san wannan zafin.

Sai bakinsa. Hausar bariki ce tsantsa, a cakuɗe da Turanci da burokin, mace ta zama namiji, jimla ta taso da Hausa ta sauka da wani abu daban. Akwai malamanmu da suka riƙa ƙorafin yana ɓata wa yara harshe. Ban yarda da su ba. Sojan ƙasar nan a zamanin Turawa da Hausa ake ba shi umarni, Tibi da Angas da Bazazzagi duk a layi ɗaya, kuma abin da ke fitowa daga wannan haɗuwar shi ne abin da ya kawo mana falo. Da aka ɗauki shirin zuwa NTA ta ƙasa baki ɗaya, burokin ya yi yawa don mutanen kudu su fahimta. A ganina a nan ne gishirin ya ɗan ragu.

Abin da sai da na girma na lura da shi: yawancin shekarun da yake tashe, soja ne ke mulki. Mutumin da ko kallon banza ba ya iya yi wa mai kaki a shingen hanya, da daddare yana zaune yana tuntsira dariya a kan samanja guda da matsalar gida ta sha masa kai. Sojojin ma suna kallo, suna dariya, don ba wulaƙanta su yake yi ba, nasu ne.

Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba 2023. Ranar na ga matasa a Facebook suna tambayar wane fim ya yi a Kannywood, iyayensu kuma suna ta ƙoƙarin kwaikwayon muryarsa a rubuce.