Makullan Kawu

Talata, da dare.

Tun la'asar maganar nan ke cina. Muna zaune da Yaya da ƙawarta, hira ta biyo ta kan Kawu, sai ƙawar ta ce, "Au, wanda ya yi barantaka a gidan masu kuɗin nan?" Yaya ba ta tanka ba. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun nawa ya fi maganarta yi mini ciwo.

Bayan magariba na kira shi. Muka gaisa, na ce, "Kawu, wai shekara 26 ɗin nan da ka yi, me ake ce wa aikin naka?" Ya yi dariya ya ce, "Sarkin gida mana, 'yata. Lafiya dai?" Na kwashe duka na faɗa masa. Ko a jikinsa. Ya ce bara aikensa ake yi, shi kuwa shi ke aike. Makullan sito da na ɗakunan baƙi suna aljihunsa. Shi ke ɗaukar kuku da direba da mai gadi, ya raba musu aiki, ya biya su albashi, ya sallami wanda ya ci amana. Ƙarshen wata ya buɗe littafin lissafi a gaban maigida, abin da ya shigo da abin da ya fita, layi bayan layi. In baƙi 40 za su sauka, sau ɗaya ake faɗa masa, sauran kuma nasa ne.

Na ce to wanne ya fi wuya, lissafin ko mutanen? Ya ɗan yi jim. Ya ce zaman tsakiya. Ma'aikata na ganinsa kunnen maigida, in ya shigo hira ta mutu. Iyalan gida kuma ba su taɓa manta cewa albashi yake karɓa ba. Ga sirri: rigimar gado, bashi, rashin lafiyar da ake ɓoyewa, duk a gabansa, kuma har yau ko Inna ba ta ji ko ɗaya daga bakinsa ba. "Ranar da komai ya tafi daidai, ba wanda ya san ina gidan. Ƙwan fitila ɗaya ya mutu, sunana za ki ji."

Da muka yi sallama na kasa zama, na shiga karance-karance. Turawa na ce wa mai wannan muƙami majordomo, daga Latin, wato babba a gida. A daular Farankawa, inda Faransa take yau, masu riƙe da gidan sarki sun yi ƙarfi har Pepin, ɗan Charles Martel, ya tuɓe sarkin ya hau gadon a 751. A Scotland ma zuriyar Stewart daga wannan aiki suka samo sunansu, ɗansu Robert na 2 ya zama sarki a 1371. Na ji daɗi sosai, har na ɗauki waya zan tura wa Yaya.

Sai na ajiye. Kawu bai nemi gadon kowa ba. Ranar da ya bar aiki ya ƙirga makullan ɗaya bayan ɗaya ya miƙa, ya fito da jakarsa. Ya ce har yanzu in ya farka da asuba, hannunsa aljihu yake fara lalubawa.

Wanki na nan ban taɓa ba. Ciwon kai tun ɗazu.

Ƙawar Yaya za ta dawo Juma'a karɓar ɗinkinta. Zan zauna a gida ranar.