An sallamo Baba

Alhamdu lillahi, Baba ya dawo gida. Allah ya saka wa duk wanda ya yi mana addu'a.

Ciwo ne a ƙasan cikinsa ta hagu, ga zazzaɓi. Hoton cikin jiki da ake kira CT ya nuna dibatikulaitis: idan shekaru suka ja, wasu 'yan aljifai kan fito a jikin babban hanji, to ɗaya ne ya kumbura. Likita ta ce yawancin masu shi kan warke a gida da hutu da abinci mai ruwa-ruwa, wasu ma ba sai an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Na Baba ya tara mugunya, shi ya sa aka kwantar da shi ana ba shi magani ta jijiya. Da hanjin ya huje, da sai tiyata.

Don Allah, idan dattijo ya ce cikinsa na ciwo da zazzaɓi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti.

Nan da mako 6 zuwa 8 za a leƙa hanjin da na'ura don a tabbatar ba ciwon daji a ɓoye. Ciwon kan iya dawowa, saboda haka idan ya murmure Mama za ta ƙara masa wake, zogale da tuwon dawa, a rage jan nama.