Jirgina na ƙarƙashin ruwa, sati na shidda: gorunan roba sun ba ni kunya

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ɗan ƙaramin jirgi mai nitsewa a ruwa nake haɗawa, wanda ake sarrafawa daga tudu. Ga inda munka tsaya, firam ɗin tiyo na PVC ya haɗu, ƙananan famfo ukku masu bolt 12 na sa masu farfela, biyu na gaba da baya ɗaya na sama da ƙasa, batir yana tudu wurina sai waya mita 10 ke kai ma jirgin wuta, da ita nake sarrafa shi tunda wifi ba ya ratsa ruwa.

Cikin baho a gida komai lafiya lau. Gorunan ruwa na rabin lita guda biyu, ba komai ciki sai iska, na ɗaure a sama don su ɗaga shi, guntayen rodi a ƙasa don kar ya kife, na yi ta ƙara rodi ina ragewa har ya tsaya, bayanshi kaɗai ke leƙowa.

To ran Lahadi na kai shi tafkin Madarunfa da ke kusa da Maraɗi, wani baba masunci ya ɗauke ni a kwalekwale, Allah ya saka mashi. Mita ɗaya lafiya, da ya kai wajen mita 3 sai na ji waya na zamewa daga hannuna, na ba famfon sama wuta duka amma ina, ƙasa kawai yake yi. Da hannu na jawo shi gabana na faɗuwa, duk laka ta cika farfela.

Sai da dare na gane. Kowace mita 10 ruwa na ƙara nauyi kwatankwacin na iskar duniya sau ɗaya, kenan a mita 3 iskar cikin gora ta matse ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, gora ta lotse. Lita ɗaya kilo ɗaya take ɗagawa, na yi asarar sama da giram 200, kuma yana ƙara nitsewa gora na ƙara lotsewa.

Shi ya sa jirgin Trieste da Jacques Piccard da Don Walsh sunka sauka da shi ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, a 1960, kusan kilomita 11, fetur sunka cika tankin da ke ɗaga shi da shi ba iska ba, ya fi ruwa sauƙi kuma da ƙyar yake matsuwa. Wallahi dabarar nan ta burge ni ƙwarai.

Yanzu a madadin gorunan na yanko tiyo mai kauri biyu na rufe bakinsu da marfi da gam, sun kwana a baho ba ɗigo. Saura kamara, ruwan tafkin ja ne ko tafin hannu ba ka gani. Wanda ya taɓa gwada fitila a irin wannan ruwan don Allah ya gaya mani inda ya ɗaura ta.