Yadda muka haɗa kowane tayin hidima da uwarsa a wani banki a Akra

Bankin da nake wa aiki a Akra da wani tsarin kwamfuta mai suna ServiceNow yake karɓar koke-koken ma'aikata, da shi kuma yake bin sawun gyara. Da aka ɗora mini kula da rumbun bayanan na'urori da hidimomi, wato CMDB, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne rahoton ƙarshen wata. Manhajar banki ta waya za ta tsaya cak ranar albashi, wayoyin ofis su yi ta ruri har la'asar, amma rahoto ya fito ya ce hidimar lafiya lau take. Ni a Nima nake zaune, na san masu shago da wannan tsaiko yake hana ciniki, don haka raina bai kwanta da rahoton ba.

Tsarin da ServiceNow ya shimfiɗa, CSDM, ya bambance abu biyu. Akwai uwar hidima, kamar "bankin waya". Akwai kuma tayin hidima, wato yadda ake miƙa ta ga wasu mutane na musamman da alkawari na musamman: awa nawa take aiki, cikin wane lokaci za a gyara idan ta lalace, su wa suke cin moriyarta. Kamar mai wake da shinkafa ce a bakin titin Mamobi, tukunya ɗaya, amma kwanon mai ƙwai daban, na mai kifi daban. Abin da ke ɗaure tayi da uwarsa gurbi ne guda ɗaya a jikin tayin, sunansa parent, kuma uwa ɗaya tak yake ɗauka. A wurinmu gurbin nan wayam yake a tayi da yawa. Wasu kuma, maimakon a cike gurbin, an je an zana musu alaƙa a taswirar dogaro, inda ake nuna wace saba ce, wato babbar kwamfuta, ke riƙe da wace manhaja. A ido an haɗa su, amma rahoto ba can yake dubawa ba.

Na zauna kusa da wani yaro a teburin karɓar kira na kalli hannunsa. Ya zaɓi "bankin waya" a fom ɗin koke, ya danna gurbin tayi, jerin ya zo babu wanda yake nema, domin 'ya'yan uwar da aka zaɓa kawai fom ɗin ke nunawa. Sai ya goge hidimar, ya rubuta bayani da hannu, ya wuce. A nan koke-koken suke ɓacewa daga rahoto.

Gyaran bayanan bai ba mu wahala sosai ba. Daga Excel aka loda su tun farko, an kuma bar tsarin lodawa yana ƙirƙiro sabuwar uwa duk lokacin da suna bai yi daidai ba, shi ya sa "bankin waya" ya zama uku saboda bambancin rubutu. Muka haɗe su, muka sa tsarin ya riƙa ƙin duk layin da uwarsa ba ta nan.

Inda aka kai ruwa rana shi ne tura kuɗi daga asusu zuwa momo, wato kuɗin da ake ajiyewa a lambar waya. Tun da aka buɗe tura kuɗi tsakanin kamfanonin waya daban-daban a 2018 ta hannun GhIPSS, kamfanin da ke haɗa hanyoyin biyan kuɗi a Ghana, wannan hanya ta zama ruwan dare, kuma sashe biyu ne suke da hannu a cikinta a bankinmu: masu manhajar waya da masu biyan kuɗi. Kowa yana son sunan, ba mai son kiran tsakar dare. Wani ya ba da shawara a yi tayin kwafi biyu, kowane sashe ya riƙe ɗaya. Na ƙi, kuma har yau ina kan bakana, domin ranar da aka yi haka koke zai rabu gida biyu, kowa ya nuna rabinsa ya ce bai kai a damu ba.

Hajiya shugabar sashen biyan kuɗi, wadda ta girme mu duka, ita ta raba gardamar. Ta ce mini, "Ƙanena, bar zancen wa ya gina. Idan kuɗin mutum ya fita daga asusu bai shiga waya ba, wa ke bin sawunsa har ya dawo?" Na ce, "Ku ne, Hajiya." Ta ce, "To rubuta shi ƙarƙashinmu." Muka sa shi ƙarƙashin hidimar biyan kuɗi, manhajar waya kuma muka nuna ta a taswira a matsayin abin da tayin ya dogara da shi.

Daga nan muka daina yanka tayi bisa jerin sassan ofis, muka koma yanka shi bisa alkawari. Idan lokacin aiki da saurin gyara da masu amfani duk ɗaya ne, tayi ɗaya ne, ko sashe nawa ne suka taɓa shi. Hidimar teburin karɓa da biyan kuɗi a rassa tana bin lokacin buɗe banki, momo kuwa dare da rana, ba za su zauna a tayi ɗaya ba. Yanzu fom ɗin shigar da tayi ba ya karɓar sabon tayi sai an cike uwa da mai ɗaukar alhaki. Maganar da ke gabanmu ita ce ta reshen Kumasi da ke buɗewa ranar Asabar saboda 'yan kasuwar Kejetia: manajansu yana son tayi nasa na kansa, ni kuma na ce ya fara kawo alkawarin gyaran ranar Asabar a rubuce, da sunan wanda zai ɗaga waya.