Neuchâtel aka rubuta, a Paris aka buga

Duk mai bin sawun tsofaffin masu buga littafi na Faransa, kada ya ɗauki sunan garin da ke shafin farko a matsayin shaida. Ni wannan suna ya cinye mini kuɗin jirgin ƙasa da na masauki, daga ɗan tallafin karatun da da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata.

Bincikena a kan André Le Breton ne, mai shagon littafi da maɗaba'a a titin La Harpe na Paris, wanda ya rayu daga 1708 zuwa 1779. Shi ne jagaban 'yan kasuwa huɗu da suka zuba jari a Encyclopédie, babban kundin ilimi na Faransanci, wadda marubuci Denis Diderot ya jagoranci rubutawa. Juzu'in farko ya fito a 1751. Komai ya tafi daidai har na iso juzu'i na 8 zuwa na 17, inda aka rubuta gari da mai bugawa ɓaro-ɓaro: Neufchastel (wato Neuchâtel), Samuel Faulche, 1765. Na ce to, aiki ya tsallake iyaka ke nan. Na kama hanyar Neuchâtel, a Suwizalan ta yau, ina neman takardun cinikin.

A ɗakin karatu wata dattijuwa mai bincike ta ji abin da ya kawo ni, ta gaya mini cikin tausayi cewa juzu'an nan goma a Paris aka buga su, a ƙarƙashin Le Breton. Jikina ya yi sanyi.

A 1759 majalisar sarkin Faransa ta soke izinin buga aikin. Ba a daina ba, sai aka ci gaba a ɓoye, hukuma na kau da kai muddin ba a kunyata ta ba. Neuchâtel kuwa a lokacin tana hannun sarkin Prusiya, dokar Faransa ba ta kai can, shi ya sa aka sa sunanta a shafin farko. Abin da ya sa ƙaryar ta zauna daram shi ne akwai mai sayar da littafi na gaske mai wannan suna a garin. Da sunan bogi ne, da na farga tun ina ɗakina.

Har yanzu ina jin haushin Le Breton, kuma ba don kuɗina kaɗai ba. A 1764 Diderot ya gano cewa bayan ya gama gyara ya sa hannu, Le Breton yakan bi bayansa ya datse wuraren da yake ganin za su fusata coci ko fada, bai gaya wa kowa ba. Wannan cin amana ne. Amma na daina kiransa matsoraci kai tsaye, domin dukiyarsa ce a ciki, kuma duk da taka-tsantsan ɗin sai da aka tsare shi na 'yan kwanaki a kurkukun Bastille a 1766, saboda rarraba littattafan ba da izini ba.

Yanzu in tsohon littafi ya zo hannuna, shafin farko shi nake dubawa a ƙarshe. Ina fara da siffar haruffa, da ƙananan zanen ado da ake bugawa a kai da ƙarshen babi, domin katakon da aka sassaƙa su yana tsagewa, tsagin kuma yana bayyana a duk littafin da ya fito daga maɗaba'a ɗaya. Sai in ɗaga takarda a haske in nemi tambarin wanda ya yi ta. Ga Le Breton, abin gwadawa yana kusa: Almanach royal, kundin shekara-shekara na masarautar Faransa, wanda shekara da shekaru yana fitowa daga gidansa da sunansa a kai. Ku fara da shi kafin ku sayi tikitin ko'ina.