Gas ba ya ƙarewa haka kawai

Duk mai gyaran firji da AC a Birnin Kebbi ya haddace maganar da mai kaya ke fara yi: "Malam, gas ya ƙare, zo ka zuba mini." Alhaji ne ko Hajiya, kalmar ke nan. Sai dai gas ɗin nan ba fetur ba ne da inji ke ƙonawa. A kulle yake cikin bututu, kwamfuresa na tura shi, yana ɗebo zafin ɗaki ya zubar a waje, ya sake dawowa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Maigidan da ya koya mana sana'a ba ya bari a taɓa silinda sai an bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya da kumfar sabulu. Wanda ya zuba bai toshe ramin ba, ya dai karɓi kuɗi, amma kafin azumi ya ƙare za a neme shi da ɓacin rai.

Galibin kiran da nake samu ma ba na gas ba ne. Ƙura ce. Hunturu ya kwashe watanni yana cusa ta cikin haƙarƙarin injin AC da ke waje, babu mai waiwayarsa saboda ana sanyi. Maris na kamawa zafi ya doshi digiri 40, a Afrilu ya haura, a kunna AC a ce ya yi aiki. Ta ina iska za ta ratsa? Wanki kawai yake so, shi da ragar tace iska ta injin da ke cikin ɗaki, wadda ko yaron gida zai iya zarewa ya ɗauraye. Abin dariyar shi ne wannan ne aikin da aka fi ƙyashin biya. "Ai ruwa kawai ka watsa," in ji su. Na ga abokan sana'a da wannan ya sa suke ƙirƙiro lalurar gas don a biya su da daraja, kuma ban ga ya yi musu albarka ba.

Sai wuta. An ƙera kayan nan don lantarki mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, amma in ta zo a raunane kwamfuresa gurnani yake yi ya kasa tashi, ya yi ta zafi har wayoyin cikinsa su ƙone. Masu sayar da ƙanƙara da masu adana kifi irin na Yawuri su suka fi shan wannan asara. Ina ce musu su sa sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta aka dawo da ita, su jira kamar minti 3 kafin su kunna. Sau da yawa kuma kafasita ce ta kumbura, ƙaramin abu mai araha da ke taimaka wa kwamfuresa tashi, amma a ce wa mutum injinsa ya mutu.

Ga yaran shago kuwa, karatun takardar da ke manne a jikin inji wajibi ne. Tsofaffin AC na amfani da gas mai lamba R22, na bayansu R410A, firji kuma R134a ko R600a. Ba a gauraya su, man kwamfuresarsu ma ba iri ɗaya ba ne. R600a yana kama wuta, don haka ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an fitar da shi sarai, a kuma buɗe ƙofa da taga.

Aikin famfo shi ma yakan faɗo hannuna. Bututun roba da aka bari a rana daga tanki zuwa banɗaki bushewa yake yi ya tsage, gara a binne shi ko a naɗe. Injin burtsatse kuma a bazara yake yawan ƙonewa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa aka bar shi yana juyawa a bushe. In ka ji bututu na tofar da iska maimakon ruwa, kashe shi nan take.